Ranar da Malama Haulat Ta Kira Motar Asibiti

Shara Haulat take yi a filin jirgin Hamad da ke Doha, amma a gidan ma'aikata mata ba mai kiran sunanta gatsal, sai Malama. Tun tana Zariya take wa'azi a gidajen suna, tofi kuwa wurin kakarta ta gada. Da korona ta shigo Doha aka zaunar da su a gida, sai ta riƙa tsayawa a baranda tana yi wa matan nasiha, kowacce daga ƙofar ɗakinta. Wata mai ciwon kai ta sha ruwan tofinta ta miƙe. Kafin ka ce kwabo, direbobi daga unguwar masana'antu ta Sanaiya sun fara aiko da gorunan ruwa.

Abin ya fara ba ta tsoro ran da Adijatu, 'yar zangon Kumasi da suke ɗaki ɗaya, ta kwanta da zazzaɓi, numfashinta na sarƙewa.

"Malama, don Allah kada kowa ya ji," in ji Adijatu. "In suka tafi da ni, wa zai gan ni? Tofinki ya ishe ni."

"Ƙanwata, ni ban taɓa warkar da kowa ba. Roƙo nake yi. Wanda nake roƙo kuwa Shi ya ba likita ilimi."

Ta yi tofin, ta ba ta ta sha, sannan ta fita ta kira motar asibiti. Har aka ɗauke ta, Adijatu ba ta dubi Haulat ba.

Kwana goma sha ɗaya Haulat na killace, tana kiran wayar Adijatu ba a ɗagawa. Wasu matan suka ce ta tona wa 'yar'uwarta asiri, wasu suka ce baiwarta ce ta ƙare. Ko abinci ba ya wuce mata. Rana ta sha biyu da hantsi wayar ta yi ƙara, sai ga muryar Adijatu.

"Malama, sun cire mini robar iska. Yunwa nake ji wallahi."

Haulat ta shiga yin hamdala, hawaye da dariya a haɗe.

Shekarar da aka yi gasar kofin duniya a Doha tare suke aiki a zauren masu isowa. Da magoya bayan Ghana suka sauko da gangunansu, Adijatu ta yar da abin goge ƙasa ta faɗa cikinsu tana rawa. Shugabarsu na ta "Yalla, yalla!" wato ta yi maza ta koma aiki. Haulat ta sunkuya ta ɗauki abin gogen, ta ƙarasa mata layinta.