Kwamfutar Ukasha

Tun da Ukasha ya rasu a hanyar dawowa daga Gwiwa, kwamfutarsa ta sake hali. A da ko ƙararta ba a ji a ɗan shagon ɗaukar hoton da ke bakin kasuwar Kazaure. Yanzu kuwa sai ana cikin kallo allon ya rikiɗe ya koma shuɗi, ta mutu, ta sake tashi da kanta kamar wadda aka taɓa.

Kuma a wuri ɗaya take mutuwa.

Alhaji Maikasuwa, mahaifin mamacin, dillalin gyaɗa ne, bai san kwamfuta ba sai dai inda ake kunna ta. Abin da yake kallo bidiyon bikin Gwiwa ne, aikin ƙarshe da yaron ya ɗauka. Abokan tafiyarsa su suka kawo kyamarar, suka juye masa a cikin kwamfutar. Ana kiɗa, mata na guɗa, sai a ji muryar Ukasha daga bayan kyamara yana cewa, "Iya Dela, riƙe min nan, ni ma yau a gan ni." Hoton ya yi girgiza, shi ke nan, sai shuɗi.

Ukasha ɗan fari ne, Maikasuwa kuwa Bafulatani. Bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa tsayawa ya ƙare masa kallo ba. In yaron ya durƙusa gaisuwa, bango uban yake amsa wa. Haka ya tarar ana yi, haka ya yi. Shi kuma yaron ya ɗauki hoton rabin gari bai bar nasa ba, wayarsa ta niƙe tare da babur. Yanzu in Maikasuwa ya rufe ido yana neman fuskar, sai ya samu hula, ya samu kafaɗa, tsakiyar babu kowa.

"Alhaji, ka ƙyale abin nan," in ji Tasalla, uwar yaron. "Shi ne ba ya so. Wanda ya kwanta a bar shi ya kwanta."

Ta aiko da kasko aka yi wa shagon hayaƙi. Maikasuwa bai hana ba. Shi da ya ci kasuwanni har cikin Nijar, ya san ƙaryar mutane da ta aljanu, amma ranar da ya ga allon ya mutu daidai kan kalmar nan karo na babu adadi, da rana tsaka, sai da tsigar jikinsa ta tashi. Ya aika garin Babura a kira Abatcha mai gyara.

Abatcha ya iso da ƙaramar jaka, ya shinshina shagon.

"Baba, turare kuka ba ta? Fulani ke nan. Da saniya ce da tuni kun gano ciwon."

"Kai Babarbare, yi abin da ya kawo ka."

Ya kwance murfin, ya hure ƙurar fanka, ya zare ƙwaƙwalwar ya goge ya mayar. Aka kunna, ta mutu. Ya cire ta daga batirin sola ya jona janareta, ta mutu. Ya sa wani tsohon biki, ta kai har ƙarshe lafiya lau. Ya dawo kan na Gwiwa. "Iya Dela, riƙe min nan…" Shuɗi.

Abatcha ya daina wasa. Ya yi bisimilla a hankali, ya shiga wani allo mai ƙananan rubutu, can inda ake saita injin kafin ya tashi. Ya daɗe yana dubawa.

"Allah sarki Ukasha," ya ce. "Baba, wuta ya rage mata. Akwai wani ɗan abu a ciki, furosesa, shi ke yin duk tunanin. Ya tsuke masa wuta don kada ta yi zafi, batir kuma ya kai shi yamma. Kamar ka rage wa jaki dusa ne, zai ɗauki ƙaramin kaya. Ran da ka aza masa babba sai ya durƙushe."

"To wane babban kaya ne a wurin nan?"

"Kafin ya miƙa kyamarar ya ƙara wa hoton kyau, ya kai shi ƙarshe, shi ya sa wurin ya yi mata nauyi. Tunda shi za a ɗauka." Abatcha ya so ya yi dariya, ya fasa. "In mayar mata da wutarta?"

Maikasuwa ya dubi ƙofa, ya ga ba mai wucewa. Ya gyara zama, ya matso da kujerarsa har gwiwarsa ta taɓa tebur.

"Mayar."

Aka kunna. Kiɗa, guɗa, muryar. Hoton ya girgiza, bai mutu ba. Ya zarce.

Ƙasa ce. Jar ƙasar Gwiwa, tar, har ana iya ƙirga tsakuwa. Tsohuwar ta rungume kyamarar a ciki kamar ƙwaryar nono, bakin kyamarar na kallon ƙasa. Sai ga ƙafafu biyu sun shigo cikin baƙin takalmi sau-ciki, da bakin wando mai ruwan toka. Suka taka rawa kaɗan, suka tsaya.

"Iya, ɗaga sama mana! Ƙafata kike ɗauka!"

"Ai ina ganin ka, ɗan nan," in ji tsohuwar.

"Ɗaga," in ji Maikasuwa. Bai san ya yi magana ba. "Baiwar Allah, ɗaga."

Hoton ya ɗan hau, ya kai gwiwa, ya kai aljihun riga. Aka ji dariyar yaron kusa, wani hannu ya rufe gilashin. Nan ya ƙare.



"Ƙara mata wutar," in ji Maikasuwa.

"Baba, ta ƙoshi. Iyakar abin da aka ɗauka ke nan."

"Na ce ka ƙara."

Abatcha ya sunkuyar da kai, bai taɓa komai ba. Can dattijon ya sa gefen rawani ya goge allon daga sama, inda babu komai.

"To mayar da shi baya," ya ce. "Daga inda ƙafafun suka shigo."