Tagar da Aka Hana Buɗewa

Kwana uku ke nan Dervla tana fama da shafi guda na wani tsohon labari da za ta koyar ranar Litinin. A labarin, wani manomi ya cika, maƙwabta suka tashi za su buɗe taga kamar yadda aka saba, don ran mamaci ya sami hanyar fita. Sai matarsa ta tare tagar, ta hana. Marubucin bai ƙara ko kalma ba, ya bar mutane da ciwon kai sama da shekara ɗari.

Masana kuwa, ka san su, ba sa barin abu ya huta. Wani ya ce tagar alama ce ta ƙasarsu Ireland da ta kulle kanta. Wani ya ce matar fansa take ɗauka a kan auren da bai yi mata daɗi ba. Dervla ta fi karkata ga na biyun, don ta ga irin wannan taurin zuciya a gidansu. Ranar da mahaifiyarta ta rasu, mahaifinta Malachy ya hana a taɓa taga, wai sanyi zai shigo. Shekara tara abin yana cin ta, ba ta yafe masa ba, ba ta kuma tambaye shi ba.

Ran Asabar ta je ƙauye duba shi, ta baje takardunta a teburin kicin.

"Malama, me kuma ake tonowa?" in ji shi, yana zuba mata shayi. "Ko dankali ba a yi masa wannan tono."

Ta karanta masa shafin, ta faɗa masa abin da masana suka ce. Tsohon ya yi dariya har da tari.

"Ireland? Tagar? Mutanen nan sun taɓa binne nasu kuwa?"

"To kai Baba, a ganinka me ya sa ta hana?"

"Ke ma dai da tambaya. In ta buɗe ai tafiya zai yi."

Dervla ta ɗago kai ta dube shi. Ta ajiye biro.

"Amma ranar Mama cewa ka yi sanyi."

"Sanyi a watan Yuli, tsakiyar lokacin zafi? Duk garin nan ke kaɗai kika yarda, sarkin karatu." Ya yi ta juya kofinsa a kan tebur. "Shekara arba'in da ɗaya muna ɗaki ɗaya da uwarki. Awa guda kawai na nemi ta ƙara mini."