Kwalayen Kifi Shida

Jirgin da ke sauka a filin garin kujera tara gare shi, kuma sau ɗaya yake tashi a rana. Corinne ce mai tikiti, ita ce mai awo, domin a nan har mutum sai ya hau sikeli kafin ya shiga. Ƙa'idar kuwa kowa ya santa: in nauyi ya yi yawa, kifin da 'yan yawon shaƙatawa suka kamo shi ke kwana a firji, ya bi su washegari. Ba a taɓa barin mutum a ƙasa saboda kifi ba.

Ranar Talatar nan nauyi ya haura da kilo tamanin. Brent, manajan masaukin baƙi na bakin teku, ya zo ya tsaya mata a ka da baƙinsa huɗu da kwalaye shida.

Ya ce, "Corinne, kar ki soma. Mutanen nan daga nesa suka zo, kifinsu ba zai kwana ba. Ko so kike na kira ofishinku?"

Corinne ba ta iya tsawa ba tun tana ƙarama. Ta duba takarda, idonta ya faɗa kan sunan da ta san ba zai yi musu ba: Wilfred, tsohon masuncin da ya goyi ubanta. Wata bakwai yana jiran aikin ido a birni, gobe da safe ne ranarsa. Ta san da haka sarai, ita ta yanka masa tikitin.

Ta ce, "Kawu, yau babu wuri." Ba ta ɗago kai ba.

Ya ce, "To, 'yata."

Da faɗa ya yi da ta samu sauƙi. Sai ma ya ajiye jakarsa, ya laluba ya kama gefen kwali ɗaya, ya taya Brent kaiwa bakin jirgi, har yana tsokanar baƙin wai kifin nasu jarirai ne. Suka yi ta dariya. Corinne ta ji kunya kamar ta nutse.

Bayan jirgi ya tashi, ya dawo ya miƙo mata wata takarda da ta sha ninki.

"Kira mini asibitin. Ba na ganin lambar."

Ta kira. Matar da ta ɗauka ta ce sai kuma bayan wata biyar, sannan ta tambayi dalilin rashin zuwansa da za ta rubuta. Corinne ta juya ta dubi waje. Ta taga tana hango teku, rana tarwai, ko gajimare babu.

Wilfred ya matso kusa da wayar, ya rage murya don kar masu shara su ji.

"Ce mata hazo ne ya rufe mu, 'yata. Sun san garin nan."