Hoton Gwaggo Haulat

Da hantsi, ana yayyafi, na kai wa Malam Ayuba, wakilin jarida, hoton da na ɗauka a Ƙofar Marusa: Gwaggo Haulat tsaye cikin ɗakinta da ruwa ya rusa. Na riga na ce mata in aka buga, sabuwar gwamnatin farar hula za ta gani, ta taimaka.

Ya daɗe yana kallo.

"Fuskar ta yi dishi-dishi, Isah. Ni ya taɓa ni, amma edita ba zai buga ba."

"Kuka take, Malam. Hannuna ne ya yi rawa."

"Na sani."

Na koma na tarar tana kwasar ƙasa da ƙwarya. Ba ta tambaye ni ba. Na karɓi ƙwaryar na ci gaba, ita kuma ta juya tana tsintar kwanukanta.