Atamfa Ruwan Ɗorawa

Martha tana cikin ɗaura baƙin zaninta na makoki da safiyar Lahadi sai hannunta ya tsaya. Ruwan asuba ya bar ƙamshin ƙasa a ɗakin, rana kuma ta ratso labule ta kwanta a kan akwatinta. A ciki akwai atamfa ruwan ɗorawa mai zanen tsuntsaye, wadda mijinta Julius ya ɗinka mata kafin hatsarin hanyar Paiko ya ɗauke shi. Ba ta taɓa sa ta ba.

Danginsa sun ce sai ta shekara cikin baƙi, ba kitso, ba ɗan kunne. Watanni suka shuɗe har ta fara manta kamanninta. Idan ta gifta gilashin shagunan Tunga, sai ta ga kamar inuwar wata ce ke bin ta.

Ta kwance baƙin, ta sa atamfar. Rigar ta yi mata yawa a kafaɗa.

A keke napep daga unguwar Shango, ji ta yi kamar a kan ruwa ake tafiya da ita. Duwatsu sun yi kore shar, iska tana wasa da bakin ɗankwalinta. Wata Banufiya da ke gefenta ta yaba ɗinkin, Martha ta sake duban rigar, don ta daɗe ba a ce mata komai ba sai sannu da haƙuri.

A ƙofar coci ta yi kiciɓis da Alice, yayar Julius. Alice ta ja ta gefe, ta ce ko ƙasa ba ta gama kwanciya a kan ƙanenta ba. In ta shiga a haka, dangi za su ce ta yi wani saurayi, kuma maganar kwashe mata 'ya'yanta zuwa ƙauye za ta sake tashi.

"Anti, shi ya zaɓa mini da hannunsa," in ji Martha a hankali. "Na gaji da tuna shi cikin baƙi."

Ta shiga. 'Yan zumuntar mata suna waƙa, muryoyin suna zuwa mata kamar daga ƙetaren kogi. Kawuna suka juyo. A bencin da ta saba zama babu wadda ta matsa, ta tsaya a gefe.

Mama Hannah, tsohuwar da tun rasuwar mijinta ba a sake ganin ta da kaya masu haske ba, ta daɗe tana kallon ta. Sannan ta ɗauke jakarta daga benci, Martha ta zauna kusa da ita.

Ana tsakiyar wa'azi Martha ta ji yatsu suna murza gefen zaninta. Tsohuwar ba ta dube ta ba, idonta yana kan bagade.

"Nawa shuɗi ne," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ina ta jira a ce lokaci ya yi, har asu ya cinye."