Ƙanzon Mutanen Da

Akinlolu ya gama karatun falsafa a Ibadan, ya fito bai iya komai ba sai musu. Ko gaishe shi ka yi, sai ya tambaye ka me kake nufi da lafiya. Da musun ya gundure shi, ya nemi digiri na biyu a fannin tonon kufai, wai yana son gaskiyar da ake riƙewa a hannu.

Dokta Morenike, shugabar sashen, ba ta yi maraba da shi ba.

"Ku 'yan falsafa baki ne da ku, ba hannu," in ji ta. "Bi mu aikin rani. Ka kawo mini abin da zan kai ɗakin gwaji, in ɗauke ka. In ba haka ba, ka koma wajen surutunka."

Suka sauka a wani ƙauye a ƙasar Oyo, a gidan wata tsohuwa, Iya Subomi. Kullum da safe su nufi kufai, su dawo ta tuƙa musu amala, tuwon garin doya. Akinlolu ya kankari ƙasa har tafinsa ya yi kanta. Ana gab da kammala aikin ranin ya ci karo da tukunya sukutum, ko tsagewa babu, gindinta cike da baƙin ƙanzo.

Dokta ta leƙa ramin.

"Tukunya kam muna da su har sun ishe mu. Ƙanzon nan shi ne aikinka, shi zai faɗa mana abin da mutanen nan suka ci. Kar ruwa ya taɓa shi."

Ya naɗe tukunyar, ya kai ɗakin da yake kwana, ya ajiye kafin motar da za ta kai ta Ibadan ta zo. Ya so ya gaya wa Iya kar ta taɓa. Amma ta yaya yaro zai kafa wa sa'ar kakarsa doka a cikin gidanta? Ya auna maganar ta nan, ya auna ta can, ya ga kowane ɓangare da hujjarsa. Bai gama aunawa ba aka kira shi cike rami.

Da la'asar suka dawo. Tukunyar na kife a bakin rijiya tana shan iska, ja jawur, kusa da soso da toka.

"Ɗana, ka dawo?" in ji Iya, tana yarfe hannu. "Ina shara na gan ta. Haba, wannan ƙazanta za ka kai wa manya a birni? Su ce a gidan wa ka sauka? Sai da na jiƙa ta tun hantsi kafin ta saki. Duba yatsuna."

Ya duba. Toka ta cinye fatar, ɗaya har yana jini. Ya ɗaga tukunyar ya leƙa ciki, tas. Ya san Ibadan ta rufe masa ƙofa.

Dokta Morenike na tsaye a bakin zaure, hannu a ƙugu. Iya kuwa tana murmushi, tana jira.

Akinlolu ya ajiye tukunyar a hankali, ya zube rub da ciki a gabanta, haɓarsa a ƙasa, yadda Yarabawa ke gaida manya.

"Sannu da aiki, Mama," ya ce. "Na gode."