Ta Yamma

Da Auta ta kawo labarin cewa kamfani zai buɗe wa tsofaffin ma'aikatansa ƙofa su zo su ga yadda wurin ya koma, Umma ba ta tambayi ko za a turo mota ba. Jingine tsintsiya ta yi, ta ce, "Har da 'yan yamma?"

"Har da su. Amma kin san halin kamfaninku, Umma. 'Yan safe da safe, 'yan yamma da yamma."

Ka ji fa. Mutanen da suka bar aiki tun Auta tana rarrafe, rabinsu da sanda suke dogarawa, amma har yau kamfani bai yarda su haɗu a ƙofa ɗaya ba. Ita Autar a can take aiki yanzu, a ofishin da ake amsa kiran masu ƙorafi, ta san ba a ja da tsarin gidan.

Umma ta yi shekara da shekaru a layin haɗa rediyo, a bencin da ke bakin taga, tana narka dalma da ƙarfe mai zafi tana liƙa ƙananan wayoyi a jikin koren allo. Kowane benci mutum biyu ke da shi, na safe da na yamma, kuma ba sa ganin juna. Sai 'yan safe sun fita ta ƙofar baya, an laluba jakunkunansu, an share zauren, sannan a buɗe wa 'yan yamma ƙofar gaba.

A farkon zuwanta kullum sai ta tarar da ƙarfen a gefen hagu. Ta mayar da shi dama tana tsaki, tana cewa wace marar tsari ce wannan. Sai daga baya ta gane ashe baiwar Allah bahaguwa ce. Kunya ta kama ta. Ran nan da za ta tashi, ta ɗauki ƙarfen ta ajiye a hagu, ta janye wayarsa don kada ta harɗe wa mai zuwa hannu. Da safe ta same shi a dama, an goge bakinsa tas.

Shi ke nan, zumunci ya ƙullu. Ba su taɓa gaisawa ba, amma Umma takan san ranar da Ta Yamma ta gaji, don liƙinta na ƙarshe yakan yi kauri. Da cikin Auta ya tsufa, Umma ta riƙa ja da kujera baya don ya samu wuri. Ba ta gaya wa kowa ba. Wata safiya ta tarar an ɗaure wa kujerar kwali da tsumma a wajen jingina, an kuma tura wani ɗan akwati ƙarƙashin benci na ɗora ƙafa. Ta zauna ta yi kukanta a ɓoye kafin mai duba layi ya iso.

Ta taɓa tambayar mai duba layin sunan matar, ya ce shi na safe ne, ina ruwansa da 'yan yamma. Ta taɓa laɓewa a bakin ƙofa, mai gadi ya kora ta. Ga motar ma'aikata ba ta jira, ga yara a gida. Kullum sai ta ce gobe. Har ranar da ta zo ta ga ƙarfen a hagu, daidai inda ta bar shi jiya. Kaya sun fara zuwa a haɗe daga ƙetare, kamfani ya rufe aikin yamma ba sallama. Umma ta ci gaba da mayar da ƙarfen hagu har aka sallame ta ita ma.

"Ki sa a mayar da ni cikin 'yan yamma," ta ce wa Auta.

"Umma, duk ƙawayenki da safe za su zo."

"Na ga fuskokinsu har na gaji. Ke dai yi abin da na ce."

Auta ta sha zirga-zirga tsakanin ofisoshi kafin a yarda. Ranar, tun azahar Umma ta shirya, ta canja mayafi ya fi a ƙirga, ita da ko biki ba ta yi wa haka. Ta shiga ta ƙofar gaba, karo na farko a rayuwarta, cikin tsofaffin da ba ta san ko ɗaya ba. Su suna rungumar juna suna tsokanar wanda haƙoransa suka zube, ita kuwa hannaye take kallo. Da aka raba katin baƙi, kowa da hannun dama ya karɓa. Sai ta ce wa ranta ai karɓa daban, aiki daban.

Wata ma'aikaciya mai fara'a ce jagorarsu. Ta sa su suka rufe takalmansu da shuɗiyar leda, ta bi da su ta wani ɗaki inda mutane 'yan kaɗan ke zaune da farar riga, kowa da waya a hannu yana latsawa.

"Yanzu ba ma ƙera komai a nan," in ji ta. "Wayoyi a gama suke zuwa. Mu namu mu gwada, mu sa a kwali, in ta lalace a dawo mana da ita."

"To ina hayaƙin?" wani tsoho ya tambaya. "Kamfani ba wari ba ƙara, ai asibiti ne wannan."

Aka yi dariya. Umma ba ta yi ba, don sun iso babban zauren, ƙafarta ta gane shi tun kafin idonta. Babu benci ko ɗaya. Dogayen baƙaƙen akwatuna ne jere, fitilu na ƙyaftawa a jikinsu, ga sanyi kamar cikin firji. Jagorar ta ce a nan ake ajiye hotuna da saƙonnin mutanen da ke amfani da wayoyin kamfanin. An toshe tagar da bulo an shafe da fenti, amma shatinta yana nan ga wanda ya san wurin. Umma ta je ta tsaya a gabanta, ta juyo, ta ɗaga murya fiye da yadda ta yi niyya.

"Don Allah, a cikinku wa ke zama a nan da yamma?"

Suka dubi juna. Wata tsohuwa mai tabarau ta ce, "Bakin taga? Ai Bahaguwa ce. Allah sarki, ba ta zo ba. Tun da aka rufe mu ta bar garin, an ce wajen ɗanta take, can nesa."

"Yaya sunanta?"

Tsohuwar ta juya ga tsohon nan, shi ma ya sosa ƙeya. Bahaguwa dai kowa ke ce mata, ba wanda ya taɓa buƙatar wani suna.

Jagorar ta matso a hankali, fara'ar ta ragu. "Mama, ke ce ta safe a bencin nan?"

"Ni ce."

"Wayyo." Ta dafe baki. "Ai ta zo. Da safe ta zo. Ba ta da katin safe, ta tsaya a ƙofa tana roƙon mai gadi har ya gaji ya ba ta na baƙi marar suna. Ta ce kwana ta yi a mota don ta riski 'yan safe, akwai wadda take nema. Nan ta tsaya tana tambayar kowa. Suka ce ba su gan ki ba, ba su kuma san unguwar da kika koma ba. Da aka tashi ta wuce tasha, ta ce motar garinsu ba ta kaiwa yamma."

Umma ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba. To wa za ta zarga? Ita ta bar safe don ta same ta, waccan ta bar yamma don ta same ta. Kewar da ta daɗe tana lallaɓawa ta taso mata gaba ɗaya, har sai da ta dafa bango.

Sauran sun fara gaba, ledar ƙafarsu na ƙara. Jagorar ta waiga za ta bi su, Umma ta riƙe hannun rigarta.

"'Yata, tsaya. Yaya take?"

"Gajeriya ce, Mama, mai jiki. Tana da wushirya."

"Gajeriya?" Umma ta girgiza kai. "Ni kuwa doguwa nake ganinta, marar magana."

"Marar magana? Ai ba ta bar ni na yi bayani ba. Da na ce hotunan mutane ne a akwatunan nan, ta ce to a duba mata naki. Ta yi ta dariya har mai gadi ya leƙo."

"Wace irin dariya?"

Jagorar ta ce, "Irin mai ƙarfi ɗin nan, mai shaƙewa a ƙarshe."

"Yi mini."

"Mama, a nan?"

Umma ba ta saki rigar ba. Matar ta dubi ƙofa, ta dubi Umma, ta gyara murya. Ta gwada, dariyar ta fito a karkace, ta bi tsakanin baƙaƙen akwatunan ta ɓace. Umma ta rufe ido tana saurare, hawaye na bin kumatunta.

"Sake," ta ce.